Yadda na shuka wa jirgin Hurricane ciyawar Kano a kan allo

Wata biyu na yi ina harhaɗa ɗan samfurin jirgin saman yaƙi mai suna Hurricane. Samfurin na kamfanin Airfix ne, mai ma'aunin 1/72, wato an rage girman jirgin gaske sau 72. Jirgin da faɗin fukafukansa ya haura mita 12 ya koma santimita 17, ya zauna daram a tafin hannu. Da na gama fenti na ajiye shi a kan tebur, sai na ga kamar bai sauka ko'ina ba. Yana bukatar ƙasa a ƙarƙashin tayoyinsa.

Ban sha wahalar zaɓen wuri ba. Daga watan Satumba na 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila sun riƙa kawo irin waɗannan jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena, a ratsa Sudan har Masar. Ke nan Hurricane ta taɓa shan ƙurar Kano. Na ƙudura zan ajiye tawa a gefen filin jirgi, cikin hunturu, ana jiran a zuba mata mai.

Yunƙurin farko bai yi ba. Na sayo ciyawar leda da ake sayar wa masu wannan sha'awa, siraran zaruruwa kore shar masu tsawon milimita 6, na shafe allo da farin gam na kafintoci, na barbaɗa. Zaruruwan suka kwanta a kan juna, launi ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. 'Yata ta leƙo ta ce, "Baba, darduma ka shimfiɗa wa jirgin?" Gaskiya ta faɗa. Washegari kuma na tarar allon ya lanƙwashe, domin ruwan gam ya shiga katakon ta fuska ɗaya kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne tsawon. Sai a lokacin na zauna na yi lissafi: a wannan ma'auni, milimita ɗaya na nufin santimita 7 da ɗoriya. Ciyawar milimita 6 ta zama santimita 43, ta kai gwiwar babban mutum, ta haɗiye fiye da rabin tayar jirgin, wadda ba ta cika santimita ɗaya ba. Ba a ajiye jirgi a irin wannan duhuwa. Milimita 2 ce ta dace da inda taya ke bi, doguwar kuma sai can bakin fili. Haka ma rairayi. Ƙwayar da kake gani ƙarama, idan ta kai milimita ɗaya, a idon matuƙin ɗan jirgin nan dutse ne kamar dunƙulen hannu.

Kafin in sake taɓa gam, na fita bayan gari da yamma na tsuguna a wani fili na kusan awa guda. Tun ina yaro nake taka ciyawar nan amma ban taɓa kallonta ba. Ashe ciyawar hunturu ba ta rufe ƙasa. Tsibi-tsibi take fitowa, tsakaninsu jar ƙasa tsirara da ɓurɓushin marmara. Gindin kowane tsibi toka-toka ne, tsakiyarsa ruwan ƙasa, kansa kuma fari-fari kamar karan dawa da ya sha rana. Kyasuwa na da ɗan ja-ja a kai, ƙarangiya gajera ce tana baje, gamba na tsaye can nesa inda ba a takawa. Kore kuwa sai a ɗan kwari inda danshi ya ɓuya. Na ɗebo ƙasar wurin a leda na dawo gida.

A karo na biyu da ƙasa na fara. Na samu allo mai santimita 25 kowane gefe, na shafe shi da fenti ciki da baya don kada ya sake lanƙwashewa. Ƙasar da na ɗebo na soya ta a tsohon kasko har ta bushe ƙarau, saboda danshi da ƙwayayen ƙwari, na daka, na tankaɗe da rariya, na sake tacewa da tsohon ɗankwali har ta yi laushi kamar garin tuwo. Na kwaɓa ta da gam da ɗan ruwa na shafa siriri, ban daidaita ta sumul ba. Tun tana da taushi na gangara tayoyin jirgin a kai suka bar sawu, na kuma danna wurare uku inda zai tsaya. Wannan ɗan dannawar ce ke sa a ga jirgi yana da nauyi. In ba ita, sai ya zama kamar yana shawagi a kan ciyawa.

Sauran aiki shi ne sa zaruruwan su miƙe tsaye. Akwai na'urar da kamfanoni irin su Noch na Jamus ke yi, wadda ke cusa wa zaren cajin lantarki, irin wanda ke sa gashin hannu tashi idan ka goga leda. Tsadarta ta sa na haɗa tawa da raket ɗin kashe sauro. Na cire ragar, na ɗaura matacin shayi na ƙarfe a waya ɗaya, ɗaya wayar kuma na haɗa ta da ƙusa da na kafa cikin jiƙaƙƙen gam. Ka zuba zare a mataci, ka danna maɓalli, ka girgiza a hankali kamar yatsa biyu sama da allo, sai ka ga zaruruwan suna sauka a tsaye suna kafewa. Wanda zai gwada ya kula: raket na riƙe wuta ko bayan an cire batir, don haka a haɗa mataci da ƙusa ta tartsatsa ta huce kafin a kai hannu, kuma a nisanta ta da yara.

Iskar hunturu ta taimaka, domin caji ya fi kamawa idan babu laima, amma tana busar da gam kafin ka ankara. Dole na riƙa ɗiga shi da tsinke, ɗigo goma ko sha biyu a lokaci guda, ba a jere ba, ina barin ƙasa a fili tsakaninsu. Na gauraya launi uku a tafin hannu, ruwan ƙasa ya fi yawa, kore ɗan kaɗan. Dogayen tsibin bakin fili kuwa da igiyar rama na yi su: na warware ta, na yanka da almakashi ba tsawo ɗaya ba, na dasa da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. A ganina ta fi zaren leda kyau nesa ba kusa ba, don ba ta ƙyalli, kuma launinta na busasshiyar ciyawa ne tun asali.

Bayan kwana guda na bi gindin tsibin da fenti mai duhu da aka tsinka sosai, na shafi kawunansu da busasshen burushi mai ɗan fari. Bayan farfela na kwantar da ciyawar da yatsa, yadda iskar inji za ta yi mata. Ƙarƙashin hanci na ɗiga baƙin fenti kaɗan a madadin man da ke zuba. Ragowar garin ƙasar na shafa a tayoyi da cikin jirgin, har launinsu ya zo ɗaya da filin.

Yanzu yana cikin akwatin gilashi saboda ƙura. Gefen hagu na allon ya fi yawan ciyawa fiye da yadda na so, kuma ina shirin tsinke wasu tsibin in ajiye gangunan mai guda biyu a wurin.