Fararen ɗigogi a hoton ƙwaƙwalwar ƙanwata

Jiya a Abuja likita ya buɗe hoton MRI na ƙanwata a kwamfuta, ya nuna mana wasu fararen ɗigogi da bakin biro. Wata shida ke nan ƙafarta ta dama tana mutuwa, idonta ɗaya yana hazo, mu kuwa muna ta cewa gajiya ce.

Ya ce jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da rigar kitse mai suna mayelin, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. Ita ke sa wani sashen ƙwaƙwalwa ya yi fari, kuma albarkacinta saƙo ke gudun mita 100 a daƙiƙa ɗaya. A cutar da ya gano tana da ita, wato MS (multiple sclerosis), sojojin garkuwar jikinta ne da kansu, ƙwayoyin T da ire-irensu, ke shiga suna ɓare rigar; fararen ɗigogin da ke hoton su ne wuraren da aka ɓare.

Abin da ya tsaya mini a rai: cikin garkuwar jikin nan akwai masu gyara. Ƙwayoyin maikrogiliya a ƙwaƙwalwa suke zaune, su ke share tarkacen mayelin da ya lalace. Sai wurin ya yi fes sannan masu saƙa sabuwar riga su iya aiki. Gyaran yana ja baya idan shekaru sun ja, ita kuwa 27 take.

Zafi yana tayar mata da ciwon, don haka Umma ta ce ta koma wajen Goggo a Jos kafin watan Maris. A mota ta matse hannuna, ta ce, "Yaya, ka ji ƙarfina?" Na ji. Ku sa ta a addu'a.