Abin da rumfar baje kolin ayyuka ta koya mini kafin in ajiye aiki

Na miƙa takardar ajiye aiki a sashen ɗaukar ma'aikata, kuma wanda zai gaje ni ya roƙe ni in rubuta masa abin da ya kamata ya sani game da baje kolin guraben aiki, wato taron da kamfanoni ke kafa rumfuna don su gana da masu neman aiki. Yadda ake kama rumfa da buga kyallen talla da shirya fom, duk wanda ya yi wata shida a sashen ya iya, ba sai na maimaita ba. Abin da zan rubuta shi ne wanda ba a koya wa kowa, kuma na sa shi inda abokan sana'a za su gani, domin na san ba a wurinmu kaɗai ake fama da shi ba.

Shugaban da na yi aiki a ƙarƙashinsa tambaya ɗaya yake yi duk lokacin da muka dawo daga baje koli: "Takardu nawa kuka samo?" Idan kwalin takardun neman aiki ya cika ya yi murna, ya kai adadin gaban manyan kamfani. Idan bai cika ba, an yi asarar kuɗin rumfa. Bai taɓa tambayata mutum nawa ne a cikin kwalin za su iya aikin da muke nema ba, balle mutum nawa ne za su yarda su zo.

Akwai shekarar da muke neman injiniyoyi ruwa a jallo. Na shirya wa baje kolin da kyau. Na roƙi sashen fasaha suka ba ni wani injiniya mai gogewa ya tsaya tare da ni, muka yi hira da mutane tun safe, kafin a tashi mun ware 'yan kaɗan waɗanda ni da shi muka yi ittifaƙi a kansu ba tare da gardama ba. A cikinsu akwai wata matashiya da ta zana mana a bayan takarda yadda ta warware matsalar da ta samu a aikinta na kammala karatu, har abokin aikina ya ce da ni a hankali kada mu bari ta kuɓuce mana. Kowannensu na gaya masa da bakina cewa zai ji daga gare mu cikin mako guda. Na faɗi haka ne domin shugaban ya amince da wannan wa'adi tun kafin mu tafi.

Washegari sunayen suna kan teburinsa. Ya ce in bari sai ya duba kwalin gaba ɗaya, wai kada a zalunci sauran. Na ce, "Yallaɓai, waɗannan ba za su jira mu ba, rumfunan da ke kusa da tamu ma sun karɓi lambobinsu." Ya ce wanda yake son aiki da gaske zai jira. Daga nan sai tafiya ta taso masa, ya dawo aka shiga tarukan kasafi, na tunatar da shi da baki, na tunatar da shi a rubuce. Na nemi izinin in kira su ko don in ce musu ana nan ana dubawa, ya hana, ya ce kada in ɗaura wa kamfani alkawari. Sai da wata ya wuce da kwanaki kafin ya sa hannu. Da na fara kira, mafi yawansu sun riga sun karɓi aiki a wasu wurare. Matashiyar nan ta amsa mini cikin ladabi, ta ce ta jira makon da na ambata har ta ƙara wani, sannan ta ɗauka mun fasa.

Rasa su ya yi mini ciwo, amma abin da ya biyo baya ya fi. A taron manya, da aka tambayi dalilin da ya sa guraben suke nan babu kowa, ya ce sashen ɗaukar ma'aikata bai iya bibiyar mutane ba. Ina zaune a wurin. Wannan magana ta shiga rahoton aikina na ƙarshen shekara, kuma ta tsayar da ƙarin girman da nake jira. Saƙonnin tunatarwar da na aika masa suna nan da kwanan watansu, na nuna wa wanda ya kamata, aka ce in yi haƙuri, magana ta wuce. A wurina ba ta wuce ba, kuma tana cikin dalilan da suka sa nake tafiya.

Daga baya na gano cewa masana sun daɗe da sanin wannan ciwo. A 1991 Sara Rynes da abokan bincikenta a Amurka sun bi sawun ɗalibai masu kammala jami'a yayin da suke neman aiki, suka samu cewa jinkirin kamfani bayan haɗuwar farko yana sa ɗalibi ya ɗauka ko dai ba a son sa, ko kuma kamfanin ba shi da tsari. Waɗanda suka fi saurin yanke wannan hukunci su juya baya su ne masu sakamako mai kyau da suke da wasu ƙofofin a buɗe. Ma'ana jinkiri tacewa yake yi, yana zubar da na ƙwarai ya bar maka wanda ba shi da wurin zuwa. Shugabana yana ganin jira gwajin sadaukarwa ne. Abin da yake gwadawa a zahiri shi ne wa ya rasa zaɓi.

Don haka darasi na farko, wanda ya fi sauran nauyi in an haɗa su: kada ka kama rumfa sai ka riƙe abu uku a rubuce. Guraben da aka amince da su da gaske, da kuɗinsu a kasafi. Iyakar albashin kowane gurbi, ƙasa da sama. Ranakun intabiyu da aka riga aka saka a jadawalin waɗanda za su zauna a kwamitin, cikin kwana bakwai zuwa goma bayan taron. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kana da ranakun a hannu, mutumin da ya burge ka za ka ba shi rana da lokaci yana tsaye a gabanka, ya bar rumfar da alƙawarin da ya san ranarsa. Idan an ƙi ba ka ukun nan, faɗa wa shugabanka a rubuce cewa talla za ku je yi, domin kada gobe a nemi ma'aikata a hannunka. Kuma ka faɗa wa masu zuwa rumfar gaskiya cewa babu gurbi a yanzu. Karɓar takardar mutumin da ya yi sa'o'i a layi alhali ka san babu inda za ta je zalunci ne, ko da kowa yana yi.

Ya kamata kuma a rage buri a kan baje kolin kansa. Wasu masana tattalin arziki sun shirya irin wannan taro a Addis Ababa ta ƙasar Habasha don gwaji, suka haɗa kamfanoni da matasa masu neman aiki, suka bi abin da ya biyo baya. An yi haɗuwa da yawa, amma waɗanda aka ɗauka kaɗan ne ƙwarai. Babban dalilin shi ne kowane ɓangare ya zo da tsammanin da ya wuce abin da ke ƙasa: kamfanoni suna zaton za su samu gogaggu, matasa suna zaton albashi da muƙamin da ba za a ba su ba. Na ga wannan da idona a kowane zaure da na tsaya. Maganinsa a wajen mai ɗaukar aiki shi ne ya faɗi albashi da sharuɗɗa tun a rumfa. An sha hana ni faɗin albashi, wai abokan gogayya za su ji. Sun riga sun sani. Wanda ake ɓoye wa shi ne mai neman aiki, kuma shi ne zai janye a mataki na ƙarshe bayan an ɓata makonni a kansa.

Haka ma wahalar aikin. Idan akwai aikin dare, ko yawan tafiya, ko watannin farko masu gundura, faɗa. Tun 1973 John Wanous ya gwada wannan da masu neman aikin haɗa waya a wani kamfanin tarho a Amurka: aka nuna wa wasu fim mai yabon aikin kawai, wasu kuma aka nuna musu mai daɗinsa da marar daɗinsa. Faɗin gaskiyar bai kori mutane daga karɓar aikin ba, kuma waɗanda suka ji ta sun shiga da tsammanin da ya fi kusa da zahiri, ba su cika tunanin tafiya ba. Ni abin da na lura da shi, mutumin da ya san darajar kansa yakan ƙara matsowa idan ya ji ka faɗi aibin wurinka, domin ya gaji da jin kowace rumfa tana cewa ita ce aljannar ma'aikata.

Wanda zai tsaya a rumfa shi ne abu na gaba. Mu 'yan sashen ma'aikata mun san tsarin hutu da alawus, amma ƙwararren ɗan takara tambayarsa takan wuce nan: da wace manhaja kuke aiki, wa zai duba aikina, me wanda ya riƙe gurbin nan kafin ni yake yi yanzu. Idan amsarka ita ce ya duba shafinmu na intanet, ka rasa shi, domin ya duba kafin ya zo. Ka tafi da mai yin aikin da hannunsa, in da hali har da wanda aka ɗauka bara ko bara waccan, wanda bai manta yadda tsayuwa a ɗaya gefen teburin take ba. Sassa ba sa son sakin gwanayensu na yini guda, sai su turo wanda ba shi da abin yi a ranar. Kada ka karɓa.

Sai batun hirar minti uku zuwa biyar da ake yi a tsaye. Nan ne ido yake yaudarar mutum. Mai fara'a da kaifin baki da tufafi masu kyau yakan cika fuska, mai kunya kuma ya wuce ba a lura da shi ba, alhali aikin da ake nema wataƙila ba na magana ba ne sam. Abin da ya taimake ni shi ne tambayoyi biyu ko uku da muke yi wa kowa iri ɗaya, masu alaƙa da aikin, sannan mu rubuta maki da jimla ɗaya a bayan takardarsa kafin na gaba ya matso. Bayan mutum hamsin fuskoki sukan gauraye, abin da ka rubuta ne kawai zai rage. Wannan ba dabarata ba ce. Nazarin da Frank Schmidt da John Hunter suka fitar a 1998, wanda ya tattara binciken shekara 85, ya nuna intabiyu mai tsararrun tambayoyi ya fi hirar kara zube hasashen yadda mutum zai yi aiki, kuma sabon nazarin Paul Sackett da abokansa na 2022 ya sa shi a sahun farko cikin hanyoyin tantancewa. Tambayar da ta fi yi mini amfani ita ce in ce mutum ya ba ni labarin wani abu da ya lalace a hannunsa da yadda ya gyara. Wanda ya yi aikin da kansa zai shiga ƙananan bayanai ba tare da an roƙe shi ba.

Tsararrun tambayoyi suna kuma kare ka daga son zuciyar da ba ka san kana da shi ba. A binciken Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan na 2004, an aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Chicago, takardun iri ɗaya, suna kawai aka sauya. Masu sunayen da aka san fararen fata da su sun samu kira fiye da masu sunayen baƙaƙen fata da kusan kashi 50 cikin 100. Suna kaɗai ke nan a kan takarda. A rumfa kuwa ga fuska, ga karin harshe, ga sunan makaranta, duk a lokaci guda.

Sauran darussan gajeru ne. Biro da jaka da hular talla suna tara layi, amma ban taɓa ganin wanda ya karɓi aiki saboda su ba. Teburi ya koma gefe, ka tsaya a gabansa, ka ajiye waya. Kada ka naɗe kaya kafin lokacin tashi, domin masu aiki a wani wuri, waɗanda galibi su ne gogaggu, a sa'ar ƙarshe suke isowa. Idan masu shirya taron suna ba da jerin waɗanda suka yi rajista, karanta shi tun da wuri ka gayyaci waɗanda kake so su zo rumfarka da sunansu. Baje kolin intanet da ya yawaita tun 2020 bai sauya komai a cikin wannan ba, illa dai wanda ka bari yana jira a can ya fi saurin ɓacewa. Takardun mutane amana ce, akwai adireshi da lambar waya a ciki. A Tarayyar Turai dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta hana a riƙe su fiye da buƙata, kuma ko inda babu doka bai kamata a bar su a kwali a bayan ƙofa ba. Wanda ba a ɗauka ba a aika masa amsa, ko layi biyu ne.

Bayan abin da ya faru na fara ajiye nawa lissafin, wanda ba a nema a wurina ba. Ga kowane baje koli ina rubuta mutum nawa muka ware, nawa suka zo intabiyu, nawa suka karɓi tayi, kwana nawa aka ɗauka tsakanin haɗuwa da tayi, da kuma nawa ne suke nan bayan shekara guda. A shekarun da na samu aka sa ranakun intabiyu kafin taro, kwalinmu bai cika kamar da ba, kuma an yi mini magana a kan haka. Amma mafi yawan waɗanda muka ɗauka a waɗannan shekarun suna nan har yau, ɗaya daga cikinsu ma shi ke jagorantar rukunin da ya shigo a matsayin ƙarami. Ranar da za a tambaye ka takardu nawa ka samo, ka ba da adadin, sannan ka ɗora wannan lissafin a kansa, ka tabbata kwafinsa ya isa hannun wani ban da shugabanka.