Wasiƙa daga Niyok: yadda dala 10 ke zama dala 90 a zaɓen kansila

Jama'ar gida, assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya. Tun da aka gama zaɓen magajin garin Niyok a Nuwamban 2025 tambaya ɗaya ke ta dawowa a saƙonninku: wai da gaske gwamnati ce ke ba ɗan takara kuɗin kamfe? Da gaske ne, sai dai ba a jaka ake miƙa masa ba. Zan yi bayanin wannan, in kuma taɓo yadda ake jera 'yan takara a ƙuri'a, da maganar sanyi.

Tsarin ya fara ne a 1988, bayan badaƙalar cin hanci da ta girgiza birnin zamanin magajin gari Ed Koch. Aka kafa hukumar kula da kuɗin kamfe mai mutum biyar. Lissafin yanzu shi ne, duk dala ɗaya da mazaunin birnin ya bayar, baitulmali zai ɗora takwas a kai. Dattijuwar da ta ba ɗan takarar kansila dala 10, ta kawo masa 90 ke nan. Amma ninkin yana da iyaka: dala 175 ta farko daga kowane mutum ake ninkawa ga kansila, 250 ga magajin gari. Wanda ya ba da 175 da attajirin da ya ba da dubu, kuɗin gwamnati ɗaya suke jawowa, wato dala 1,400. Shi ya sa a nan ɗan takara yake bin falo-falo da ƙofar masallaci da coci maimakon ya kwana a ƙofar mai kuɗi ɗaya.

Kafin a saki ko sisi sai an haye wani shinge. Mai neman kujera a majalisar birni, mai kansiloli 51, sai ya tara dala 5,000 na irin kuɗin da ake ninkawa, daga ciki da mutum 75 'yan mazaɓarsa da kowannensu ya ba da akalla dala 10. Mai neman magajin gari kuwa dala 250,000 ne daga mutum 1,000. Sannan ya sa hannu cewa ba zai wuce iyakar kashe kuɗi da aka yanka ba. Ai Zohran Mamdani, wanda ya ci zaɓen magajin gari na 2025, da ya kai iyakar a zaɓen fidda gwani, fitowa ya yi ya roƙi mutane su daina aiko da kuɗi.

To, ga inda gizo ke saƙar, wato takarda. Duk wanda ya ba da tsabar kuɗi sai ya cike kati da hannunsa: suna, adireshin gidan da yake kwana, nawa ya bayar, ranar, da sa hannu a ƙarƙashin shaidar cewa kuɗin nasa ne, ba wanda zai mayar masa. Tsabar kuɗi ba ta wuce dala 100 daga mutum ɗaya. In gudummawar ta haura dala 99, sai an rubuta sana'ar mutum da wurin aikinsa. A nan 'yan takara da yawa ke asara. Ma'ajin ɗan takara ya kawo kati hamsin, a dawo masa da ashirin: wannan ba sa hannu, wannan an goge adadin an sake rubutawa, wancan adireshin shago ne, waɗancan biyar kuma duk rubutun hannu ɗaya ne. Kowane katin dala 100 da aka jefar, dala 800 ce ta bi ruwa. Kamfani ba ya bayarwa sam. Mai kwangila da birnin yana iya bayarwa, amma kada ta wuce dala 250 ga kansila ko 400 ga magajin gari, kuma tasa ba a ninka ta. Wanda ya zaga ya tattaro kuɗin abokai ya kawo, shi ma sai an rubuta sunansa daban.

Duk wannan yana intanet. Ka buga sunan maƙwabcinka ka ga wa ya ba, nawa, yaushe. A ganina wannan ya fi ninkin kansa amfani.

Ku da ke gida, ga abin kiyayewa. Dokar Amurka ta hana baƙo ba da kuɗin kamfe, sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin. Idan ɗan'uwanku ya tsaya takara a yankin Bronx na Niyok, addu'a kawai za ku aiko. Haka nan al'adarmu ta “ka rubuta sunana, ni zan ba ka kuɗin” laifi ce babba a nan, domin da ita ake tatsar baitulmali: mutum ɗaya ya raba dala 1,000 ga mutum goma, a ninka ta sau takwas. A 2013 an hana John Liu, mai neman magajin gari, kuɗin gwamnati bayan kotu ta kama wasu na kusa da shi biyu da irin wannan. A Satumbar 2024 an tuhumi magajin gari Eric Adams da makamancin haka, ya musanta, an kori ƙarar a Afrilun 2025, amma hukumar ta riga ta hana shi kuɗin tun Disamba.

Bayan zaɓe ma ba a huta ba. Masu binciken kuɗi za su nemi rasit na kowane abu, daga fosta zuwa hayar ofis. Kuɗin gwamnati ba a biyan mata ko ɗa albashi da shi, ba a kuma kashe shi tsaba a hannu. Abin da ya rage a mayar. Binciken kan ɗauki shekaru, tara kuma tana hawa kan ɗan takara da ma'ajinsa, ko an ci ko an faɗi. Dokar zaɓenmu ta 2022 ita ma ta yanka wa kansila iyakar naira miliyan 5, amma wa ya taɓa ganin rasit ɗin?

Ba na cewa an toshe ko'ina. Shiga tsarin ganin dama ne. Attajiri Michael Bloomberg, magajin gari na wancan lokacin, bai shiga ba, ya kashe sama da dala miliyan 100 daga aljihunsa a 2009. Tun hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2010 kuma, ƙungiyoyin da ke cewa ba ruwansu da ɗan takara suna kashe yadda suka so, iyaka dai su bayyana masu ba su.

Jera 'yan takara kuwa, a zaɓen fidda gwani kana zaɓar har mutum biyar, na ɗaya zuwa na biyar. Bayaninsa sai wata wasiƙar.

Sanyi ma da takarda ya zo. Kafin sunan mai neman kansila ya hau ƙuri'a sai ya tara sa hannun masu rajista 450, kuma ana fara wannan ne a ƙarshen Fabrairu, a bakin tashar jirgin ƙasa, lokacin da tawadar biro ke daskarewa. Masu hankali suna tara ninki biyu ko uku, saboda lauyan abokin hamayya zai zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

A gaida mutan gida.