Wata huɗu da injin zuƙe iska: ga inda na kai

Salam 'yan uwa masu koyo. Yau wata huɗu kenan cif da na fara liƙe abinci da injin zuƙe iska, jiya na zauna na fito da duk ledojin da na ajiye tun farko na duba su ɗaya bayan ɗaya, shi ne na ce bari in faɗa muku abin da na tarar tun ban manta ba.

Cikin leda goma sha biyu da na liƙe a satin farko, biyar sun saki. Na ajiye su gam kamar dutse, na dawo na same su sun yi laushi iska ta koma ciki. Da farko injin na ɗora wa laifi, sai da na ɗaga kowace leda a haske na gane ba shi ba ne. Biyu na shinkafa ne, ashe tsinin ƙwayar shinkafa in an matse ta sosai yana huda leda, huji ɗan mitsitsi da ido ba ya gani amma ya ishi iska. Ɗaya fulawa ce, garin ya tashi lokacin zuƙa ya kwanta daidai inda za a liƙe, bakin bai kama ba. Sauran biyun kuma bakin ledar ne ya tattare a kan layin zafi, wato wurin da injin ke ɗan narkar da bakin leda ya liƙe shi. Yanzu shinkafa da taliya da duk wani abu mai tsini sai na fara zuba shi a jakar takarda in naɗe kafin ya shiga leda, fulawa ma haka, kuma ina barin kamar santimita 8 tsakanin abinci da baki, in liƙe sau biyu, layi ɗaya a bayan ɗaya. Tun da na koma haka ko ɗaya bai sake saki ba.

Ga wanda bai sayi leda ba tukuna, irin injina na kan tebur wanda ake cusa masa bakin leda, sai leda mai ɗan gurje-gurje a ciki, ta cikin waɗannan ƙananan layukan ne iska ke bi ta fita. Leda mai santsi ciki da waje ta babban injin nan ce mai akwati da ake sa ledar gaba ɗaya a rufe, shi ne ma yake iya liƙe abu mai ruwa ba tare da ya zuƙe ruwan ba. Kuma ku rinƙa ba injin hutu kamar sakan 30 tsakanin leda da leda, in layin ya yi zafi da yawa sai ya narkar da baki tun iska ba ta gama fita ba. In kun gama kada ku ajiye shi a kulle, robar bakinsa lotsewa take yi ta daina riƙe iska.

Toh yanzu ga maganar da ta fi damuna, dan Allah ku tsaya ku karanta wannan ko da kun tsallake sauran. A wata na farko na ɓare tafarnuwa mai yawa na liƙe na sa a kabad, a tunanina tunda babu iska ai babu lalacewa. Bayan 'yan kwanaki na ga ledar ta kumbura, na zubar ko buɗewa ban yi ba, na shiga bincike, wallahi abin da na gano sai da ya sa jikina ya yi sanyi. Akwai ƙwayar cuta da ake kira Clostridium botulinum, tana cikin ƙasa, tana biyo kayan da aka tono ko aka ɗebo daga gona, kuma ita inda babu iskar oksijin ne ma take samun sakewa. In ta samu danshi, babu oksijin, abincin ba mai tsami ba (wato ma'aunin pH ɗinsa ya haura 4.6), ga ɗumin ɗaki, sai ta fara fitar da guba mai shanye jijiyoyi har ta kai ga hana numfashi. Ni Allah Ya taimake ni ledar ta kumbura na gani, amma ba kullum take nuna alama ba, abinci zai iya ɗaukar gubar babu wari babu canjin kala. Injin nan iska kawai yake cirewa, ba ya dafa abu, ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, don haka duk abin da dama firij yake buƙata kafin a liƙe shi, firij yake buƙata bayan an liƙe. Ɗanyar tafarnuwa da ɗanyar albasa da cuku mai laushi na daina liƙe su kwata-kwata.

Saboda haka na raba kayana gida biyu. Masu danshi, nama da kifi da dafaffen abinci, firiza kai tsaye, digiri 18 ƙasa da sifili, na sayi ɗan ma'aunin sanyi na jefa ciki don in rinƙa gani da idona. A nan fa injin ya burge ni gaskiya, naman da na liƙe wata uku da rabi da suka wuce na fito da shi jiya jawur, babu wannan farin bushewar da sanyi ke yi wa nama in an ɗaure shi a leda ta yau da kullum. Dabarar da ta fi min aiki ita ce in yanka, in jera a faranti, in sa a firiza awa ɗaya zuwa biyu ya ɗan daskare sannan in liƙe, ta haka jini ba ya biyo iska ya jiƙa baki. In da ƙashi mai tsini in rufa masa tishu. Kifi kuma, ku cire shi daga ledar ko ku yanke bakinta kafin ku sa shi ya narke a firij, domin nau'in ƙwayar da ke bin kifi tana iya girma ko a digiri 3 da ɗoriya, sanyin firij kaɗai ba ya tsayar da ita. Kabeji da danginsa gas suke fitarwa su kumbura leda, sai an tsoma su a tafasasshen ruwa minti 2 zuwa 3, a juye a ruwan ƙanƙara, a tsane sosai, sannan leda sannan firiza.

Gida na biyu busassun kaya, su ne na kabad, kuma sai wanda ya bushe ƙarau, danshinsa kashi 10 cikin 100 ko ƙasa. Wake da shinkafa ina fara sa su a firiza kamar sati ɗaya saboda ƙwari da ƙwayayensu, in na fito da su in bar su a rufe har sanyin ya sake su gaba ɗaya, in ka yi gaggawa raɓa ce za ta kwanta musu ka liƙe danshi da hannunka. Farar shinkafa tana jure ajiya sosai, amma wadda ba a cire wa dusa ba tana da mai a jikinta, cikin watanni take fara warin tsohon mai ko an liƙe, ita da gyaɗa firiza nake kai su.

Abin da nake koyo yanzu shi ne ledar Mylar, mai shimfiɗar alminiyom a ciki, don leda fara komai kaurinta oksijin yana ratsa ta a hankali kuma haske na shiga. Ana jefa mata 'yar ƙunshin nan mai shanye oksijin, garin ƙarfe ne a ciki, yana tsatsa yana cinye oksijin ɗin, shi ya sa in ka bar shi a waje za ka ji ya ɗau ɗumi, don haka sauran da ba ka yi amfani da su ba maza ka rufe su a kwalba. Kada ka damu in ledar ba ta tsuke gam ba, oksijin kashi 21 ne kawai na iska, ragowar yawanci naitirojin ne kuma shi ba ya ɓata abinci. Sukari da gishiri ba a sa musu ƙunshin, dunƙulewa suke yi.

Na liƙe Mylar huɗu ranar Asabar, biyu wake biyu farar shinkafa, na rubuta suna da kwanan wata da alƙalamin maka a jikin kowace, na jera su a bokitin roba mai murfi saboda ɓera. Ɗaya zan buɗe bayan wata shida in dafa in gwada da sabon saye, ukun kuma su ci gaba da zama.