Ranar da wasiƙun Hajiya suka ɓace a hannuna

Watana uku da fara aikin kula da kwamfutoci a wani ofishi a Kano, Hajiyar da ke riƙe da asusu ta aiko a kira ni. Outlook ɗinta, manhajar da take aikawa da karɓar wasiƙun imel da ita, ya ƙi buɗewa. Shuɗiyar tagar farko za ta fito ta tsaya cak, ba gaba ba baya. Ga ƙarshen wata ya zo, ga takardun albashi suna jiran a tura wa banki.

Abin da na iya a lokacin shi na yi: na cire Office, kunshin manhajojin da Outlook yake ciki, gaba ɗaya na sake sakawa. Awa guda ta wuce a haka, da na buɗe sai ga tagar nan a inda na bar ta. Ban san cewa cire manhajar ba ya taɓa bayanan asusun mutum ko fayil ɗin da wasiƙunsa ke ciki ba, sabuwar da na saka kan tsohon ciwon ta sauka. Sai na ƙirƙira mata sabon asusun shiga a cikin Outlook. Nan take ya buɗe, fes, ba nauyi. Hajiya ta gyara tabarau ta matso kusa da allo, ta gangara ƙasa, ta sake hawa sama, sannan ta juyo.

"Ɗan nan, ina wasiƙuna na shekara bakwai?"

Na mako biyu ne kawai suka dawo. Har yau ina tuna yadda hannunta ya tsaya a kan linzami. A cikin wasiƙun nan akwai rasitai, yarjejeniyoyi da 'yan kwangila, da shaidar kuɗin da aka biya mutanen da wasu ma sun rasu.

Na fita baranda na kira wanda ya koya mini aiki. Bai tambaye ni me ya faru ba, cewa ya yi: "Fayil ɗinta PST ne ko OST? Kuma ka kwafe shi kafin ka taɓa?" Ba ni da amsar ko ɗaya.

A tsaye a barandar nan na fahimci bambancin. Dukansu fayiloli ne da Outlook ke ajiye wasiƙu a ciki. OST kwafi ne kawai na abin da ke kan sabar, wato babbar kwamfutar da wasiƙu ke fara isa kafin su sauko wa mutum; shi ake samu a nau'in asusun imel da ake kira Exchange, ko IMAP tun daga Outlook 2013. In ya lalace sai a matsar da shi gefe, manhajar ta sauko da sabo, sai dai a kula da lambobin mutane da kalanda, don wani lokaci a kwamfutar kaɗai suke zaune. PST kuwa, a nau'in asusun da ake kira POP, irin na Hajiya, shi ne rumbun kansa. Outlook yana sauko da saƙo ya zuba a ciki, kuma in ba a canza saitin ba, bayan kwana 14 ya goge na kan sabar. Mako biyun da muka gani ke nan. Duk sauran suna cikin fayil guda, a kwamfuta guda, a ƙarƙashin tebur guda.

Allah ya taimake ni ban goge komai ba. Na sami fayil ɗin a jakar takardunta ta cikin kwamfuta, ya haura gigabait arba'in. Iyakar da aka sa wa irin wannan fayil tun daga Outlook 2010 gigabait 50 ce, kuma tun kafin a kai iyakar ake fara jin nauyi, balle a kan tsohon faifan ajiya mai juyawa irin nata. Na kwafe shi zuwa wani faifan daban, na zauna ina kallon kwafin har ya gama, sannan na kunna scanpst.exe, ɗan kayan gyaran da ke zuwa tare da Office. Sai da na maimaita sau uku kafin ya daina samun kuskure. Bayan la'asar na haɗa fayil ɗin da sabon asusun, jakunkunanta suka jero ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce komai ba, ta buɗe ta 2016 ta duba, ta rufe, ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka."

Sai a lokacin na yi tambayar da ya kamata in fara da ita. Na ce, "Hajiya, ranar ƙarshe da ya yi aiki, me ya faru?" Ta ce an ɗauke wuta tana cikin tura saƙo, kwamfutar ta mutu kafin a tayar da janareta. Na leƙa ƙarƙashin tebur: batirin na'urar riƙe wuta ya daɗe da mutuwa, ƙura ta rufe ta. Wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu a cikin fayil, shi ya sa ya tsage. Amsar tana bakinta tun safe.

Yanzu in aka kira ni, sai na ji labari na ga inda wasiƙu suke kwana, na kwafe, kafin in taɓa wani abu. Daga nan in riƙe maɓallin Ctrl in buɗe Outlook, ya tashi zallarsa ba tare da ƙananan manhajojin da ake maƙala masa ba. In ya buɗe a haka, to ɗaya daga cikinsu ce, sau da yawa ta rigakafin ƙwayar cuta, sai in kashe su ɗaya-ɗaya. Wani lokacin ma Outlook ɗin da aka buɗe a baya ne bai rufe sosai ba, yana laɓe a baya ya riƙe fayil.

Abin da ya fi ba ni wahalar fahimtar da mutane shi ne goge saƙo ba ya rage girman PST nan take. Gurbin yana nan kamar buhun da aka kwashe hatsi ba a naɗe ba, sai an matse shi daga cikin saiti. Na Hajiya kwana ya yi yana matsuwa. Muka raba wasiƙun shekara-shekara, kowace da fayil ɗinta, muka sauya batirin, kuma duk Juma'a kafin a tashi sallah takan rufe Outlook ta kwafe fayilolin zuwa faifan da take ajiyewa a durowar da take kulle littafin cek.