Shaf ɗin gaba na motar dabal: ku ji inda ya ci min kuɗi kafin ya ci naku

Assalamu alaikum samarinmu na Makka da Jidda, har da 'yan Madina. Na lura 'yan shekarun nan duk yaron da Allah ya buɗa masa ya tara 'yan riyalolinsa sai ya shiga Haraj, kasuwar motocin hannu, yana neman ƙaramar jif ta hannu, su RAV4, Tucson, Sportage, Santa Fe, kuma lallai sai mai dabal, wato mai jan ƙafa huɗu, saboda a fita bayan gari ranar Juma'a a sha shayi kan yashi. Ba laifi, nima irinta nake ja kuma ina jin daɗinta. Amma ƙannena mota mai jan ƙafa huɗu ba a riƙe ta yadda ake riƙe Corolla, kuma ni a kan shaf ɗin gaba na koyi haka, da kuɗina na koya.

Shaf shi ne sandar ƙarfen da ke ɗauko ƙarfi daga giya ya kai wa taya, a gaba guda biyu ne, hagu da dama, in ka je sana'iyya, unguwar makanikai, ka ce akas kowa ya gane. Kowanne yana da kai biyu. Na waje wanda ke jikin taya shi ke lanƙwasa duk sanda ka murza sitiyari, ƙwallayen ƙarfe ne a cikinsa, yawanci shida. Na ciki kuma wajen giya yake, shi shiga yake yana fita in mota ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu. Duka biyun cikin giris suke rayuwa, abin da ke riƙe musu giris ɗin kuwa wata baƙar roba ce mai ninki-ninki da aka ɗaure bakinta da zoben ƙarfe.

To wannan robar ita ce duk labarin. Garin da zafi ke haura digiri 45 lokacin bazara, ga kwalta kamar wuta, ga ƙura, roba bushewa take ta fara tsattsagewa a cikin ninkin inda ido bai gani sai an murza sitiyari ƙarshe an leƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, giris ya fita yashi ya shiga, su haɗu su riƙa cin ƙarfen a hankali. Ni na ga alamar da idona, baƙin giris ya fantsama a cikin wili da jikin shokazoba, abin da na yi shi ne na kai ta wanki na ce wa yaron ya sa ruwa mai ƙarfi ya wanke min ƙasan da kyau. Ya wanke kuwa. Ɗan sauran giris ɗin da ya rage a ciki ya tafi, ruwa ya maye gurbinsa. Da a ranar na canja roba aka cika sabon giris da shaf ɗina na asali yana nan har yau, kuma kuɗin roba ba komai ba ne kusa da kuɗin shaf. Sai dai ku kula, giris ɗin wurin nan nasa daban ne, wanda ke zuwa a leda tare da robar, kar wani ya ɗebo muku na boris a gwangwani ya ce duk ɗaya ne.

Bayan nan ƙara ta fara, ƙas-ƙas-ƙas in na zo juyawa a ƙarƙashin gada na taka mai. A miƙe shiru, sai na riƙa ce wa kaina ai tunda a titi ba ta yi, da sauran lokaci. Haka na ɗebi iyali muka hau Hada za mu Ɗa'if, hanyar da duk kwana ce kan kwana ana hawan dutse har kusan mita 2000, wallahi duk kwanar da na sha sai gabana ya faɗi don ƙarar ta koma kamar ana buga ƙarfe. Allah ne ya tsare. Wannan ganganci ne ba jarumta ba, kar wanda ya kwaikwaye ni. Ku sani in shaf ya tsinke gaba ɗaya, giyar fakin ba lallai ta riƙe mota ba, tana iya gangarawa alhali ka sa ta a P, kuma kun san unguwannin Makka yadda suke kan duwatsu. Wanda abin ya same shi ya ja birkin hannu ya sa dutse a taya kafin ya yi komai.

Wani wurin da na zubar da kuɗi shi ne rashin sanin wace ƙara ce ta wane. Daga baya motar ta fara karkarwa in na taka mai a hanyar Jidda, in na ɗaga ƙafa ta daina, sai na yi ta kai tayoyi ana min balas, aka yi saitin ƙafa, har taya na canja. Ashe kan ciki ne ya ci. Ku riƙe wannan: ƙas-ƙas a kwana na kan waje ne, karkarwa lokacin taka mai wadda ke ɓacewa in ka saki yawanci na kan ciki ne, gurnanin da ke ƙaruwa da gudu yana canja murya in ka karkata hagu ko dama boris ne, karkarwar sitiyari a wani gudu ɗaya ko ka taka ko ba ka taka ba ita ce ta taya. Motar dabal kuma tana da furofela, dogon sandan da ke kai ƙarfi baya, shi ma in ya ci yana girgiza mota amma a ƙarƙashin kujera za ka ji shi. A manyan jif irin su Prado da Land Cruiser har wani gajeren furofela ne ke zuwa gaba, kuma kuros ɗinsa, wato mahaɗin da ke bakinsa, yana da 'yan nonuwa da ake ɗura wa giris, mutane da yawa ba su taɓa sa an ɗura ba tunda suka sayi motar. Ka ɗauki makanike ku fita tare ya ji da kunnensa kafin a kwance komai.

Sai saye. Nan na yi kuskuren da ya fi ba ni haushi. Na je tashlihi, inda ake kwance motocin da suka lalace ana sayar da kayansu, ba tare da lambar shasi ba, ban ɗauki tsohon shaf ɗin ba, sunan mota da shekara kawai na faɗa aka ciro min, na biya na taho. Da aka zo ɗaurawa bai shiga ba, na motar da ba ta da dabal ne. Jiki iri ɗaya, shekara ɗaya, amma shaf ɗin daban, musamman na dama, don a irin waɗannan motocin na dama yana ratsawa ne ta cikin ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi zuwa baya, saboda haka tsawonsa da bakinsa ba ɗaya ba ne da na mai jan gaba kawai. Girman inji da irin giya su ma suna canja shi. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, tana jikin istimara, wato katin rajistar mota, tana ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, ɗaukar hotonta ba ya cin minti ɗaya. Ko wakala za ka, wato wakilin kamfanin motar, ko shagon kayan tijari waɗanda ba na asali ba, ko tashlihin Biriman a Jidda, ko na Ha'ir ga 'yan Riyad, da ita za ka fara magana. Kuma ko an rantse maka daidai ne ka shimfiɗa sabo kusa da tsoho a ƙasa, ka gwada tsawo, ka ƙirga haƙoran baki biyun, in motarka irin mai zoben ABS (na'urar da ke hana birki kulle taya) a jikin shaf ce ka ƙirga nasa haƙoran shi ma, in ba haka ba fitila za ta kama maka a dashbod ka rasa dalili. Ka yi magana kan mayarwa tun kafin ka miƙa kuɗi.

Ra'ayina kan wanne za a saya: na asali daga tashlihi wanda robarsa ba ta taɓa fashewa ba ya fi min sabon tijari mafi araha, na gwada mai arahar, daga ranar farko yake kaɗa mota a kan babban titi. Akwai tijari masu kyau, amma ba su ne na ƙasan farashi ba. In kan waje kaɗai ya ci kuma sandan lafiya, ana iya canja kan kawai a bar na asalin.

Wajen ɗaurawa kuma, ko kai za ka yi a ƙofar gida ko mu'allim, wato makanike, zai yi, ka tsaya a wurin. Ban ce ka koya masa aikinsa ba, ka dai sa ido da ladabi. In da kanka ne kar ka yarda ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, a sa mata ƙafafun ƙarfe, rai ba shi da sifiya. Babban notin tsakiyar taya ana dasa bakinsa ne cikin wani ɗan kwari ko a sa masa fil, sai an buɗe wannan kafin a kwance, kuma mai dasawar ba a maimaita shi, sabo ake sawa. Kar a buga kan shaf da guduma kai tsaye, zaren yana lalacewa. In an cire kalifan birki, wato abin da ke matse faifan birki, a rataye shi da waya, kar a bar shi yana lilo a jikin tiyonsa, wayar sensan ABS ma a cire ta gefe. Ba a fizgo shaf ta sandan, kan ciki zai rabu a cikin roba, ta gindinsa ake ɓamɓaro shi daga giya. Kuma muddin shaf ba ya ciki kar a sauke mota kan tayarta a tura ta, don shi da notinsa su ne ke matse boris.

Abu biyu ne na ƙyale a nan kuma duka sun dawo sun same ni. Na farko sil, wato zoben robar da ke bakin giya inda shaf ke shiga. Mu'allim ya ce min ya Hajji a canja shi tunda an buɗe, na ce a bar shi ai bai yoyo, don na ga kuɗi suna ta fita. Ba a jima ba na fara ganin ɗigon mai a inda nake fakin, dole aka sake kwance duk aikin saboda abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, na biya kuɗin hannu sau biyu. In an zare shaf mai yana ɗan zuba, sai a duba a cika da irin wanda littafin motar ya ce, kuma a ɓangaren dama ku tambaya ko na giya ne ya zuba ko na akwatin dabal, don ba mai ɗaya suke sha ba. Na biyu shi ne ɗaurin babban noti. Da bindigar iska aka ɗaure min, tatatata, na ji daɗi wai ya ɗauru. Wannan notin yana da awonsa, a yawancin motocin nan ya haura 200 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri, kowace da nata a littafi, kuma da sifana mai awo ake kai shi. In ya yi sako-sako boris ya ci, in ya wuce ƙa'ida boris ya ci. Nawa ya ci, gurnani ya dawo a ƙafar da na gama gyarawa.

Akwai kuma ɗan zoben ƙarfe a bakin shaf na ciki wanda ke riƙe shi a giya, in an tura sai an ji ya faɗa wurinsa, a ja da hannu a tabbatar bai fitowa. In bai zauna ba yana iya zamewa kana tafiya, mai ya zube, mota ta daina ja.

Wasu za su ba ku shawarar a cire furofela gaba ɗaya a huta, mota ta koma jan gaba. Ni ban goyi baya ba, kwamfutar motar tana tsammanin ƙafa huɗu ne, kuma kai da ka ƙara kuɗi don dabal me ya sa za ka kashe shi. Haka tayoyi, a motar dabal su zama girma ɗaya, cinsu kusa da juna, kar ka sa sabbi biyu gaba ka bar suɗaɗɗu baya na wani girman, akwatin dabal ne ke shan wahalar bambancin. In ta tsaya a hanya a kira saɗaha, motar ɗaukar mota, a ɗora ta gaba ɗaya, ba a ɗaga gaba a ja baya a ƙasa.

Kafin ka bar sana'iyya ka nemi fili ka murza sitiyari ƙarshe hagu ka zaga a hankali, ka yi dama, ka yi da baya, gilashi a sauke rediyo a kashe. Ka hau titi ka taka mai sosai ka ji ko tana kaɗawa. In an taɓa notocin shokazoba ko tayarod a yi saitin ƙafa a ranar. Washegari da safe ka leƙa ƙasa ka duba ɗigo, bayan sati ka sake murza sitiyari ka haska fitilar waya kan sabuwar robar ka ga ko zoben ya riƙe. Daga nan duk sanda ka je juyen baƙin mai, tunda motar tana sama, ka roƙi yaron ya bar ka ka duba robobin nan huɗu na gaba, har da na shaf ɗin baya, da idonka, ka sa yatsa ka buɗa ninkin.