Rakiyar Yaya zuwa Landan karɓar feloshif

Tun da muka dawo 'yan uwa ke ta kirana a waya, wai yaya bikin ya kasance, me aka ci, su wa suka zo, da gaske ne a gaban Sarkin Ingila aka yi wa Yaya naɗi? To bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Sarki dai bai zo ba, kuma ba naɗin sarauta ba ne, amma ni a wurina abin da akai ɗin babba ne ƙwarai.

Yayata likitar ƙoda ce, konsoltan a wani asibitin koyarwa nan Arewa. Kwalejin likitoci ta masarautar Ingila da ke Landan, wadda su likitocin ke ce wa RCP, ita ce ta zaɓe ta cikin sabbin felo ɗinta, wato manyan mambobinta, yanzu za ta riƙa sa FRCP a bayan sunanta. Wannan matakin ba jarrabawa ake zama a ci ba, aikinka ake dubawa, waɗanda suka riga ka shiga su tsaya maka su ce sun san abin da kai wa marasa lafiya da ɗalibai da bincike, sannan majalisar kwalejin ta amince. Mijinta aiki ya riƙe shi, Umma kuma ciwon gwiwa ba ya barinta doguwar tafiya, sai Yaya ta ce to ke shirya.

Maganar biza ba sai na ja ta ba, kowa ya san yadda take, Abuja, hoton yatsu, takardun banki, jira da addu'a. Ana gobe za mu tashi Goggo ta aiko da ƙullin kilishi a kai wa ɗanta da ke karatu a can, Yaya ta ce sam, Ingila ba a shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, in aka gani ƙwacewa za a yi. Sai yaji da kuka da kuɓewa busasshiya muka ɗaukar masa. Daga Kano muka bi ta Abuja, daga nan jirgi ya ɗauke mu awa shida da wani abu muka sauka Heathrow, muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da akwatunanmu har kusa da tashar Euston inda masaukinmu yake. Lokacin zafinsu ne, watan Yuli, kuma abin da ya fara ba ni mamaki rana ce da ta ƙi faɗuwa, ƙarfe tara na dare ta wuce kafin a yi magariba, asuba kuma tun wajen uku ta shigo, sai da muka riƙa duba manhajar sallah a waya don ido ba zai gaya maka gaskiya ba.

Ranar bikin da wuri muka tafi, Yaya ta ce tana so in ga gidan kafin a cika. A gefen Regent's Park yake, da ƙafa muka taka. Ni tunda aka ce min kwalejin tun 1518 take, zamanin Sarki Henry na takwas, na sa rai zan ga tsohon gini mai hasumiya, sai na tarar da farin gini na zamani mai kusurwoyi, samansa ya turo gaba yana tsaye kan siraran ginshiƙai, wani mai zanen gini Denys Lasdun ya tsara shi aka buɗe a 1964. Ashe sun sha ƙaura, ɗaya daga cikin gidajensu na da ma gobarar Landan ta 1666 ce ta cinye shi har da mafi yawan littattafansu. Amma kana shiga ciki sai ka ga ashe tsufan yana nan, a bango aka rataye shi. Matakala ce faffaɗa a tsakiya tana hawa tana juyawa, kowane bango hotunan fenti na likitocin da suka shuɗe, wasu da gashin kanti fari har kafaɗa, kowanne da sunansa da shekarunsa a ƙasa.

Wata ma'aikaciyar gidan ta zaga da mu tare da wasu baƙi. Ta nuna mana hoton William Harvey, mutumin da a 1628 ya bayyana cewa zuciya ce ke harba jini yana zagaya jiki ya dawo, shi ma ɗan kwalejin ne kuma har yau duk shekara ana yin lacca da sunansa. Ta kai mu wani ƙaramin ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da tsohon katako mai duhu, katakon tun daga gininsu na bayan gobara aka yi ta cirowa ana tafiya da shi duk inda suka koma, a irin ɗakin nan ake zaunar da mai neman izinin yin likitanci a da, manya su yi ta jefo masa tambayoyi baki da baki. Yaya ta yi dariya ta ce mata mu ma haka aka yi mana a Legas da Ibadan, katakon ne kawai babu.

Abin da ya tsayar da ni cak shi ne wasu alluna guda shida dogaye a bayan gilashi. Daga nesa ka ce zanen bishiya ne mai rassa, sai da na matsa na ga ashe jijiyoyin mutum ne na gaske, na jini da na laka, an zare su ɗaya bayan ɗaya daga gawa an shimfiɗa kan katako an shafe da wani mai sun bushe, tun ƙarni na 17 a garin Padua na Italiya, da su ake koyar da ɗalibai. Tsigar jikina ta tashi, na ce Subhanallah. Yaya ta sa yatsa kusa da gilashin tana nuna min inda jijiya ke rabuwa ta nufi ƙoda, tana magana ƙasa-ƙasa yadda take yi wa ɗalibanta, na tsaya ina kallon ta ita fiye da allon.

A waje kuma lambu ne na tsirran magani, sun haura dubu, kowanne da ɗan allonsa. Nan na ga dangin tazargade, wanda daga shi ake fitar da sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yanzu, na ga wata fure mai kama da ƙararrawa da Yaya ta ce daga irinta aka samo digoxin na ciwon zuciya. Wato sun ɗauki maganin gargajiyarsu sun auna sun tace sun rubuta, wanda ya yi aiki an riƙe. Mu da muke da sabara da marke da maɗaci ai ba ganye muka rasa ba.

Da lokaci ya yi aka raba mu, sabbin felo suka tafi sa rigunan biki, mu baƙi aka zaunar da mu a zaure. Yaya leshi ta sa ruwan toka da mayafinta, doguwar rigar kwalejin a kai, wallahi ta yi kyau. Aka ce a miƙe, manyan kwalejin suka shigo a jere, a gaba wani na riƙe da ƙatuwar sanda mai ruwan zinariya kamar sandar girma ta sarakunanmu, akwai kuma wata siririyar sandar azurfa ta shugaba mai siffar macizai a kanta, wadda aka ce wani tsohon shugabansu John Caius ya bayar tun 1556. Sai aka fara kiran suna, kowa aka kira a faɗi inda yake aiki da ɗan abin da ya yi, ya tako ya gaisa da shugaba, a tafa. Ba Turawa kaɗai ba, Indiya, Pakistan, Masar, Sudan, Malesiya, Iraki, sunaye iri-iri mai kiran yana ta ƙoƙari da harshensa. Suka kuma ɗauki alƙawarin kiyaye dokokin kwalejin da mutuncin aikin.

Da aka kira sunan Yaya da na Baba a haɗe, aka ce daga Najeriya, hawaye kawai na ji suna zubo min ina riƙe da waya hannuna na rawa. Su abin da suka karanta layi biyu ne ko uku, ni kuwa na san sauran. Na san shekara shidan jami'a da yajin aiki ya ƙara wa tsawo, na san shekarar hausmanshif, wato aikin farko na sabon likita a asibiti, da take dawowa gida ta yi barci a zaune da takalmi a ƙafa, bautar ƙasa, sannan jarrabawar firamari da fat wan da fat tu ta horon ƙwarewa, tana goyo tana karatu da fitilar caji, Umma na karɓar jaririn in ya yi kuka. Na san daren sallar da aka kira ta muna tsaka da ƙunshi ta wanke lallen bai kama ba ta fita. Baba Allah ya jiƙansa shi ya tsaya kai da fata lokacin da dangi ke cewa karatun likita zai tsufar da yarinya a gida, bai ga wannan rana ba. Kuma kada ku ɗauka mu kaɗai ne muka yi wa mata wannan tarnaƙin, ita kanta kwalejin sai 1934 ta fara ba mace feloshif, wata likitar yara Helen Mackay, bayan sama da shekara 400 da kafuwa, mace ba ta shugabance ta ba sai 1989.

Bayan hotuna aka shiga liyafar dare. Kowa da sunansa a kan ɗan kati, ba zama inda ka ga dama, cokula da wuƙaƙe jere dama da hagu, Yaya ta raɗa min daga na waje ake farawa. Tun a gida an tambaye mu abin da ba ma ci, don haka kifi aka kawo mana da dankali da ganye, ba yaji ko kaɗan amma ya dahu da kyau, masu zuba giya kuma da muka ce a'a sau ɗaya ba su sake matsowa ba, lemo da ruwa suka yi ta kawo mana. Aka yi jawabai gajeru, ba wanda ya kwashe rabin awa yana gaida manyan baƙi.

Kusa da ni wata likita ce 'yar Sudan, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya fitar da ita daga Khartoum, tana ba ni labarin yadda masu wankin ƙoda suka shiga uku da wuta da ruwa suka ɗauke, har da 'yar Hausarta da ta tsinta wurin maƙwabta, ta ce min sannu da zuwa muka yi dariya. Can sai ga wani saurayi cikin kwat ya zagayo daga wani tebur ya rusuna yana cewa Cif barka da war haka, Allah ya sanya alheri. Ashe tsohon rejistaran Yaya ne, wato likitan da ya yi horon ƙwarewa a ƙarƙashinta, ita ta koya masa sa layin wankin ƙoda a wuya, yanzu yana aiki da hukumar lafiya ta Ingila a wani gari can arewacin ƙasar, ya zo rakiyar maigidansa. Suka gaisa, ta tambayi iyali, sai ya ce Cif da wannan takardar da kika karɓa yau ai ko gobe kika nema za su ɗauke ki, me kike jira? Ta ce to Dakta in na taho wa zan bar wa kilinik ɗin Talata? Ya yi shiru. Ta ce ka fi kowa sani, wankin ƙoda sau uku a sati ya kamata, awa huɗu-huɗu, namu kuwa wani sau ɗaya yake iyawa sai ya sayar da akuya ko gona, kuma ka san yadda suke zuwa mana daga wajen Gashuwa da Haɗeja ƙafa a kumbure, har yau ba a gama gano abin da ke kashe musu ƙoda ba. Ya ce haka ne Cif, wallahi kullum abin yana raina.

Ni ban ga laifinsa ba, kuma Yaya ma ba faɗa take masa ba. Mutum ya yi shekara goma sha yana karatu, albashi bai kai shi ƙarshen wata ba, ya kwana yana duba mara lafiya da hasken waya, ga tsoron hanya, in ya samu inda za a daraja shi ya tafi ba za ka ce ya ci amana ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne sai da muka tsallaka teku na ji an tsaya a gaban jama'a an karanta aikin da ta yi a unguwarmu an tafa mata. Majinyatanta suna yi mata addu'a, wannan kam ba ta rasa ba, wata tsohuwa har ƙwan zabi take kawo mata. Amma mu da muke da makarantar likitanci tun shekarun 1960 a Arewa, ina bangon da muka rataye hotunan waɗanda suka fara, ina littafin da aka rubuta sunayensu da abin da kowa ya yi? Kafin a tashi dai sun yi musayar lamba, ya ce zai riƙa shiga ta intanet yana yi wa rejistarorinta darasi duk wata, ta ce zan riƙe ka da wannan maganar fa.

Washegari Juma'a ce, muka ratsa ta cikin lambun Regent's Park da ƙafa zuwa babban masallacin Landan mai ƙubba ruwan zinariya da ke ɗaya gefen, sashen mata ya cika maƙil, Larabawa, Somalawa, 'yan Bangaladash, har muka ji wasu mata biyu suna Hausa a wajen alwala, 'yan Kumasi ne. Daga nan muka wuce Peckham don cikinmu ya yi kewar barkono, muka ci shinkafa da miya da soyayyiyar ayaba a wani shagon 'yan Najeriya, ɗan Goggo ya same mu can ya karɓi kukarsa yana ta tambayar ina kilishin.

A dawowa takardar a jakar hannu Yaya ta sa ta cikin kwalinta, ta ƙi yarda ta shiga akwati. Muna sauka Abuja ta kunna layinta na gida, kafin mu karɓi kaya har an kira ta sau ba adadi, ta koma gefe tana tambayar wani nawa sinadarin fotashiyam ɗin jinin majinyacin ya kai, a maimaita gwajin kafin ta iso. Walima kuma Umma ta tsayar da Asabar mai zuwa bayan la'asar a gidan Baba, ta ce a gaya wa kowa, mata su zo da wuri saboda girki.